A Bar Shi Sai Citta

Duk sanda na jefa citta cikin jabana, tukunyar gahawar nan tamu mai dogon wuya, ƙamshin ya tashi, sai na tuna wani jan kare mai gutsurarren kunne. Kada ka yi dariya tukuna.

Karen kakana ne. Ba ya shiga gida ko kusa, wurinsa hawasha, wato gonar audugarmu ta bakin tur'a, babbar hanyar ruwan nan, can gefen Managil. Shi ke korar awakin mutane, shi ke taryata idan na kai wa tsoho abincin rana. Ina 'yar shekara bakwai. Kaka ta hana ni taɓa shi, amma hira kam mun sha ta, ni da shi.

Wata shekara, ana tsakiyar tsinkar auduga, kare ya kwanta. Amai yake ta yi, ko ruwa ya lasa sai ya dawo. Baffana, mutum mai gaggawar tsiya, ya ce hauka ce ke tafe, gara a ja shi bayan tur'a a gama da shi kafin ya ciji wani. Har igiya ya ɗauko. Kakana ya daɗe yana duban karen, sannan ya ce, "A bar shi sai citta."

To ni Larabcin makaranta ya riga ya cinye rabin Hausata. Na san gobe, na san jibi, daga nan lissafina ya ƙare. Ban taɓa jin cewa bayan jibi akwai gata, bayan gata kuma akwai citta ba. Citta ɗaya na sani, ta cikin gwangwanin Kaka. Abin da kunnena ya ji shi ne, karen nan ba shi da magani sai citta.

Na ruga gida na juye gwangwanin kaf a bakin mayafina. Ƙamshi ya tona ni, Kaka ta cafke ni a ƙofa. Na yi mata bayani ina shessheka. Ta yi dariya har ta zauna kan turmi, amma da ta ga hawayen da gaske ne, sai ta haɗiye sauran. Ba ta gyara mini Hausar ba. Cewa ta yi wannan tulin ko jaki aka ba cikinsa zai ƙone, balle kare. Ta ɓalli ɗan guntu kamar farcen ƙaramin yatsa, ta daka, ta dama da romo marar yaji da ɗan tuwon dawa. Ta ce citta tana kwantar wa mutum da tashin zuciya, idan ba ta amfani karen ba, wannan kaɗan ba za ta cuce shi ba.

Ranar farko ya shinshina ya kau da kai. Washegari ya lasa. Kaka, da gwiwarta mai ciwo, kullum sai ta biyo ni har hawasha, ta tsaya tana kallon kaskon, bakinta na motsi. Ni kaɗai ce ban san ana ƙirga masa kwanaki ba.

Safiya ta huɗu Baffa ya iso da igiyarsa. Kare ya miƙe, ya yi masa haushi guda ɗaya, mai rauni. Baffa ya naɗe igiyarsa. A nan Kaka ta ba da labarin kuskurena. Kakana ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya dube ni ya ce, "Ashe amaryata ta fi mu jin Hausa."

Da na girma na tambayi wani likitan dabbobi a garin Hasahisa. Ya ce kaɗan ba ta cutar da kare, da yawa ce ke ɓata ciki. Ko ita ta tashe shi, ko kwana huɗun da tsoho ya roƙar masa, Allah ne masani. Tsofaffin nan biyu sun rasu, ina kewarsu ƙwarai.

'Ya'yana janzabil suke cewa, sunanta na Larabci, ba su san citta ko ɗaya ba. Jiya na zaunar da autata ina ƙirga mata da yatsu: gobe, jibi, gata. Ta tambaye ni da Larabci, sai me?

Na ce, "Sai citta. Riƙe ta da kyau, ta taɓa ceton rai."