Dubiyar Farin Kabeji

Shekarar da ɗana ya bar albasa ya dasa farin kabeji a fadamarmu ta Tsamaye, ban taɓa ganin abin ba, balle in ci. Ya ce masu otal na birni ka saye. Ranin nan duk a kansa ya dogara, ko fangali guda bai bar wa albasa ba.

Sai ciwo ya kama shukar, daga bakin ganye ya faro. Wuri ya yi rawaya kamar tsinin mashi, jijiyoyin ganyen su yi baƙi. Ni kuwa na yi jinyar miji, na yi ta ɗiya, na san ba a barin mara lafiya shi ɗai. Da na sallame asuba, raɓa ba ta bushe ba, sai in tafi dubiya. In tsinke mataccen ganye da farce, in wanke wa mai ciwo fuska da ruwan ƙwarya, in matsa ga maƙwabcinsa in buɗa ganyensa in ga ko lafiya ya kwana. Kwana ashirin ban yi fashi ba, ciwo kuwa sai gaba yake.

Ɗana ya ɗauko malamin gona daga Sabon Birni. Malamin ya gaishe ni har ƙasa, ya yanka kara guda, ya nuna muna baƙin zobe a ciki. Ya ce ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, ruwa take bi, da hannun mutum. A tumɓuke masu ciwo a ƙone, kada kowa ya ratsa lambu ganye na jiƙe, baɗi a tsoma iri cikin ruwan zafi, a sake wuri.

Sannan ya ce, "Wa ka shigowa nan da safe?"

Ɗana ya dubi ƙasa. "Ba kowa, Malam."

Na ce, "Ni ce, ɗan nan."

"Mi kike yi, Inna?"

"Dubiya."

Malamin ya gyara hula. "Allah shi ba da lada, Inna. A huta haka nan."

Anka tara su anka sa wuta, duk waɗanda na yi wa jinya. Fangali uku sunka tsira, na can gangaren rafi inda gwiwata ba ta kai ni. Su da ban taɓa gaisarwa ba sunka yi kai fari fat.

Ran yanka na ɗauki zanena na ce za ni in taya masu yanka. Ɗana ya tare ƙofa da ladabi, ya ce in zauna in yi addu'a, ita ko daga gida tana isa.