Sunan da Inna Hajo Ta Ƙi Karantawa

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da Turanci a ajin manya mata na Argungu, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da mai duba makarantu ya zo mana daga Birnin Kebbi, lokacin ciran albasa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Ga yadda tsarin yake. A ƙarshen zango, ofishin jiha kan turo jami'i ya gwada ɗalibai da kansa. Idan ya gamsu, aji ya ci gaba. Idan bai gamsu ba, sai a rufe shi a haɗe da wani. Namu da an haɗe shi da wani can ƙarshen gari, kuma na san matan nan ba mai barin su zuwa can. Rufewa ke nan.

Ban ji tsoro ba, don na san abin da na shuka. Zangon nan kaf mun yi shi ne a kan suna da wakilin suna: inda ake sa he ko she ga wanda ya yi aikin, da inda ake sa him ko her ga wanda aka yi wa. Gwanarmu kuwa Inna Hajo ce, dattijuwa 'yar Augie mai sayar da albasa, wadda duk ajin ke girmamawa. Ta shigo makaranta ne don jikokinta da ke Kudu, waɗanda in sun kira ta a waya Turanci ya fi yawa a bakinsu, ita kuma ta gaji da amsa musu da "to, to".

Jami'in ya iso bayan la'asar. Matashi ne mai natsuwa, Malam Nasiru. Muka gaisa, ya karɓi alli, ya ce in nuna masa wadda na fi yarda da ita. Na nuna Inna Hajo ina murmushi. Ya juya ya rubuta: Garba helped Hauwa.

Ina ganin kalmar farko na san akwai matsala.

"Inna, karanta muna," in ji shi, "sannan ki cire sunayen ki sa wakilansu."

Inna Hajo ta miƙe, ta dubi allo, ta sunkuyar da kai. Shiru. Ya sake maimaitawa a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ta ja bakin mayafinta ta rufe baki. Ya nuna ta kusa da ita, ita ma ta noƙe, ya nuna ta baya, haka. Ba wadda za ta karanta abin da babbarsu ta tsaya a kansa, ta bar ta tsaye cikin kunya.

Ya ajiye alli ya dube ni. "Malama, wanga hwa karatun makon hwarko na. In gwanarku ba ta iya shi, mi zan ce can ohis?"

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da yadda aikin wata da watanni zai rushe a kan kalma guda. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni izini in canza suna ɗaya tak. Sauran duk naka ne." Ya ɗaga kafaɗa. Na goge Garba na rubuta Sani.

Inna Hajo ta ɗago kai. "Sani helped Hauwa. He helped her." Ba gargada. Ya juya jimlar, Hauwa ta zama mai taimakon. Ta ce, "She helped him." Ya kawo mutum biyu, ta ba shi they da them tun bai rufe baki ba. Har ta ƙara da cewa, "Malan, ƙaro wani, wanga ya yi sauƙi." Aji ya fashe da dariya.

Shi kam bai yi dariya ba. "To mi ab bambancin Sani da Garba?"

Wata daga baya ta ce, "Malan, wancan na hwarko sunan ɗanta na hwari na."

Kun san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ko da a allo aka rubuta shi, ko da cikin Turanci ne. Ni tun makon farko nakan bi ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya, ta bakin maƙwabtansu, in san sunan miji da na suruki da na ɗan fari. Duk misalin littafi da ya faɗa kan ɗaya daga ciki, canza shi nake yi kafin in shiga aji. Babu kwalejin da ta koya mini wannan, kuma ba na jiran wani ya ce mini daidai ne.

Malam Nasiru ya daɗe yana kallon inda na goge. Sannan ya ce wa Inna Hajo, "Ki yi haƙuri, Inna. Zamna." Ya gwada sauran da sunayen da na zaɓa masa, suka amsa, wasu da tuntuɓe, yawanci sumul. Ajinmu bai rufu ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, shirun ɗalibi ba kullum rashin sani ba ne. Kafin ku koyar da suna, ku san sunan da ke da nauyi a bakin wanda ke gabanku.

Da na raka shi bakin mota, ya buɗe ƙofa ya tsaya. Ya ce, "Malama, ni ma ɗan hwari na. Har Allah yak karɓi ran mahaihiyata ban taɓa jin sunana ga bakinta ba. 'Shi' taka ce min." Ya shiga mota, amma ya jima bai tayar da ita ba.