Allurar Anti Zoryana

Ni ko sakandare ban ƙare ba, don haka kwasar kashin shanu a Denmark ba ta rage ni da komai ba. Anti Zoryana ce abin tausayi. Shekara ashirin da shida tana likitan dabbobi a can gida, kusa da Kherson. Yaƙi ya koro mu, ga mu yau a gonar Preben, ni da ita, shebur iri ɗaya, albashi iri ɗaya.

Takardunta na neman izinin aikin likita sun shekara biyu a ofis, kullum a ce saura jarrabawar yare. Kafin nan, in aka ji ta yi wa dabba allura ko ɗaya, an rufe maganarta ke nan. Tana tatsa tana haddar yaren nasu, kamar mai tauna dankali da zafinsa.

"Anti, da tsufanki kike koyon kukan kwaɗi?"

"Ke da ko namu ba ki iya rubutawa ba, Solomiya, rufe min baki."

Wata Lahadi da rana, saniya mai sabuwar haihuwa ta zube, kunnuwanta sanyi ƙalau. Preben ya kira likita, aka ce sai nan da awa uku. Anti ta shafa ta, ta ce ba za ta kai ba. Maganin kuwa yana cikin kabad.

Na ce, "Anti, saniyarki ce? Bar ta ta mutu, yana da ɗari uku."

Ta ɗauko maganin, ta ce in riƙe mata kan saniyar. Ta lalubo jijiyar wuya, ta yi mata allura. Ba a yi rabin awa ba saniya ta miƙe. Preben yana bakin ƙofa, a kan idonsa aka yi. Ya sake kiran likita ya ce a bari, ta tashi da kanta.

Tun ranar, maraƙi ya yi tari, Zoryana. Kofato ya kumbura, Zoryana. Kashin ma yana nan yana jiranta. Da ta yi maganar ƙarin albashi, murmushi ya yi, ya tambaye ta ko ofis sun amsa.

Jiya na ce, "Ki ce ba za ki yi ba mana."

Tana zaune a kan bokiti, ƙafafu duk a kumbure. "Ya gan ni da allura, 'yar nan. Miƙo min safar hannu, akwai wata saniyar a ɗaki na biyu."