Ranar da Na Wanke Kibod ɗin Baba

Ranar Laraba ce, kwana tara bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji shida a firamare. Na yi ƙaryar ciwon ciki na ƙi zuwa sukul, kuma da hantsi ina durƙushe a bakin famfon tsakar gidan hayarmu da ke Zongon Kumasi. A gabana roba ce cike da kumfar sabulun salo, a cikinta maɓallan kibod ɗin babana sama da ɗari sun nutse kamar waken da aka jiƙa don ƙosai. Ɗaya bayan ɗaya na ɓamɓaro su da bayan cokali, na dirje kowanne da tsohon burushin haƙori, na ɗauraye, na shanya a faifai. Matan gidan suna wucewa da bokitansu suna sa mini albarka, har wata Badagomba maƙwabciyarmu ta tsaya ta ce da gurguwar Hausarta, "Wannan yarinya ya iya aiki paa!" Ni kuwa sai ƙara ɗaga kai nake yi, don a ganina duk Zongo ba a haifi mai hankalina ba. Washegari za a sallamo Baba daga asibiti, kuma na ƙudura sai ya tarar da kayan aikinsa suna sheƙi.

Sunan babana Adamu, amma kowa Krachi yake ce masa, wato akawu. Daga wajen Maradi ya zo Kumasi yana saurayi, da ɗan karatun Faransanci a kansa, kuma da wannan karatun ya ciyar da mu. Mutanenmu na Nijar, fataken shanu da 'yan tireda da masu neman takardar gida, su ne ke cika bencin ƙofar ɗakinsa, su faɗi buƙatarsu da Hausa ko Zabarmanci, shi kuma ya buga musu da Faransanci. Kwamfutarsa tsohuwa ce, amma ba ita yake taƙama da ita ba. Kibod ɗin ne abin alfaharinsa. Ƙanensa ya kawo masa shi daga Yamai, mai nauyi kamar dutsen niƙa, launin madara, da igiya mai nannaɗe. In Baba yana bugawa har ɗakin girki ake jin ƙarar, kuma daga sautin kawai Mma, mahaifiyarmu, take gane ya kusa gamawa, ta fara kwashe tuwo. Ban taɓa ganin ya kalli yatsunsa ba. Fuskar mai magana yake kallo, yatsu goma suna ta aikinsu. Doka ɗaya ce gare shi a kanmu, kuma ya sha maimaita ta: "Duk wanda ya taɓa mini kibod, ni da shi ne."

A tsakiyar azumi ya faɗi a bakin ƙofa da buta a hannu. Aka kwashe shi zuwa babban asibitin da ke kusa da Bantama, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama masa dama. Mma ta tare a can. Ni na zama uwar gida da ƙarfi da yaji: ɗebo ruwa, shara, wanke wa ƙannena kayan sukul, kai kokon Mma bakin titi wurin wadda ta karɓi tallan. Na manta da wasan ampe da nake cinye 'yan ajinmu a ciki. A gidanmu kuwa al'ada ce, in mara lafiya zai dawo ko matafiyi, sai an wanke komai, labule da zannuwan gado da tabarmi da butoci, har ƙofa ana gogewa. Na wanke duk waɗannan. Da na zo kan teburin Baba na ga maɓallan sun yi baƙi da dattin yatsu na shekaru, sai zuciyata ta ce ai dokar ba ta hana tsabta ba.

Sai da suka bushe na dawo da faifan ɗaki, na tsaya a kan kibod ɗin da ya zama ramuka zalla, sannan na farga. Ban san gidan ko ɗaya ba. Na yi salati, sai na tuna da littafina. A sukul ɗinmu babu kwamfuta ko ɗaya, amma ana koyar da darasinta. Malaminmu kan zana kibod a allo da alli, layi-layi, mu kwafa a littafi, wanda ya tsallake harafi ya sha bulala a tafin hannu. Zanena ne ma aka taɓa ɗagawa aka nuna wa aji. Na buɗe shafin, na bi shi sau da ƙafa. Maɓallan irin na Baba duk tsayinsu ɗaya, kowanne yana shiga kowane rami ya yi ƙas. Na ga wasu haruffa masu 'yan huluna da wutsiya waɗanda babu su a littafina, amma suna tare da lambobi, sai na jera su bisa lambobin. 'Yan sauran da suka rage na cusa su inda na ga rami. Na rufe da zanen da Baba ke rufewa, na yi ajiyar zuciya, har na yaba wa kaina.

Baba ya dawo ranar Alhamis, maza biyu suna riƙe da shi. Bakinsa ya karkace, maganarsa ta yi nauyi, hannun dama yana lilo a gefensa. Likita ya gaya wa Mma cewa ciwon kan tsaya a jiki kawai, wani lokaci kuma yakan shiga kai ya dagula wa mutum haruffa da kalmomi, sai an gwada za a sani. Baba ya ji wannan maganar da kunnensa. Ranar Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci gidan ya yi tsit, ya ce a zaunar da shi a gaban kwamfuta. Ina tsaye a bayansa da kofin ruwa. Ya ɗaga yatsa ɗaya na hagu, ya sunkuya yana neman haruffa da ido, abin da bai yi ba tun kafin a haife ni. Sunansa ya so ya buga, yadda ake rubuta shi a takardun Nijar, Adamou. Na ga yatsansa ya sauka a kan A, daidai, amma Q ce ta fito a gilashin. Da ya gama, abin da ke rubuce shi ne qdq,ou. Ya goge ya sake. Ya sake gogewa ya sake. Bai tambayi kowa komai ba, Baba ba mai tambaya ba ne. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce wa Mma a hankali, "Rabi, ya shiga kan. Ku kwantar da ni."

Na san kansa lafiya lau, don da idona na ga ya danna daidai. Ban san me na ɓata ba, amma na san ni ce. Na buɗe baki ke nan Mma ta ja mu waje ni da ƙannena, ta nuna mu da yatsa ta ce, "Kar wanda ya ɓata masa rai kraa, ko kaɗan, kun ji ni? Dokita ya ce in jininsa ya sake hawa, shi ke nan." Nan na shiga uku. In na faɗa, ya ji na karya dokarsa, ya fusata ya faɗi, ni na kashe shi. In na yi shiru, ga shi ina kallo yana mutuwa a hankali. Daga ranar ya juya fuska ga bango. Ya daina ɗan tattakin da aka ce ya riƙa yi da sanda a baranda. Koko cokali biyu yake sha ya ture. Alhaji Illa, wani dillalin shanu da ya fi shekara goma yana kawo masa aiki, ya zo da takardu a jaka, Baba ya ce a gaya masa Krachi ya rufe shago.

Kwana shida na yi a haka, kuma ban taɓa yin kwanaki masu tsawonsu ba. Kwamfutar tana ɗakin da yake kwance, ba halin in taɓa. A sukul ba na jin komai, har malaminmu ya zane ni don ya kira sunana sau uku ban amsa ba, kuma ban ji zafin bulalar ba. Ranar Asabar na fake da aiken kasuwa na hau motar haya, trotro, zuwa Bantama da littafina a cikin hijabi. Na bi shagunan buga takardu ɗaya bayan ɗaya, ina leƙa kibod ɗinsu ta taga ina gwadawa da zanena, wasu su kore ni, wasu su yi mini dariya. Duk inda na duba iri ɗaya ne da nawa, ba kuskure ko na harafi guda. Na dawo a ƙasa ina kuka a titi ba kunya. Na yanke cewa ruwa ne ya shiga kibod ɗin Baba ya haukata shi, na kashe abin da babu irinsa a Kumasi. Na roƙi Allah a sujada ya gyara shi da kansa, na yi alkawarin azumi, na yi alkawarin barin ampe har abada. Sau biyu na je zan gaya wa Mma, in tarar da ita tana goge hawaye da bakin zane a gaban murhu, sai in ce gishiri na zo ɗauka.

Ranar Alhamis da la'asar wani mutum ya zo daga Buokrom da kwali. Ashe Baba ya sa an kira shi ya kwashe kwamfutar, kuma ya ce wa Mma a nemi mota a mai da shi ƙauyensu ya kwanta cikin danginsa, don bai ga amfanin zamansa a nan ba. Mutumin ya cire igiyoyi, ya fito da kibod ɗin a hammata. Ban san lokacin da na yi tsalle na rungume kibod ɗin ba. Muka yi ta ja, ina ihu a tsakar gida, duk 'yan haya sun fito: "Ni na wanke shi! Baba, ni ce! Na cire su duka na wanke na mayar! Ba kanka ba ne!" Mma ta ɗora hannu a ka. Ni na riga na sallama, ina jiran in ji faɗuwarsa daga ɗaki.

Abin da na ji shi ne sandarsa tana bugun ƙasa. Ya fito bakin ƙofa da kansa, karo na farko cikin kwana shida. Ya tambaye ni da me na gane gidan kowane harafi. Na kawo littafin. Ya kalli zanen, ya kalli kibod ɗin, ya sake kallon zanen, sai kafaɗarsa ta fara motsi. Na ɗauka kuka yake yi, kuma lalle akwai hawaye, amma dariya ce da rabin baki. "Salamatu," ya ce, "wannan na Ingilishi ne. Nawa Bafaranshe ne, ɗan Yamai. Kin sa masa kayan 'yan Gana." Ya sa mutumin Buokrom ya mayar da igiyoyin. Ya zauna, ya ɗora yatsun hagu a layin tsakiya, ya rufe ido ruf. Ƙaramin yatsansa ya hau sama da kansa, A ta fito. Sai D, sai A. A nan ya tsaya, domin sauran haruffan sunansa na hannun dama ne, kuma hannun yana kwance a cinyarsa. Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Jawo kujera. Tunda ke kika ɓata, ke za ki riƙe wannan ɓangaren."

Bai taɓa dukana a kan maganar ba, bai kuma taɓa daina tsokanata da ita ba. A ranar muka mayar da kowane maɓalli gidansa, yana dannawa ina karanta abin da ya fito. Shekara bakwai muka yi muna aiki a kibod ɗaya bayan na taso daga sukul, shi hagu ni dama, kafaɗa da kafaɗa. Da farko takarda ɗaya sai ta ci mana yini, yana tsaki ina kumbura baki. Daga baya mun kai inda Alhaji Illa zai yi ta zuba ba tare da ya jira mu ba. Na buga Faransanci shafi-shafi tun ban san ma'anar kalma ɗaya ba. Hannun damar Baba bai dawo ba har ya koma ga Allah, amma bai sake zancen ƙauye ba.

Yanzu ina zaune a Kwadaso, aikina a ofis ne, kuma abin da ke cinye mini Asabar da Lahadi shi ne haɗa kibod. Ina odar kayan daga waje, in jira su wata da watanni, in buɗe ɗan injin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli in shafa masa mai da siririn burushi, in liƙa shi da dalma, in gwada sautin, in kwance in sake. Mijina ya ce ciwo ne, kuma ban musa ba. Akwai guda tara a kan kanta, wani shiru kamar tafiyar kyanwa, wani mai ƙara har maƙwabta su sani. Yaran yanzu da muke hira da su a waya kan saye da sayarwa sukan yi gardama a kan wane sauti ya fi daɗi, ni dai karantawa kawai nake yi. A bara na haɗa irin wanda ya rabu gida biyu, ɓangaren hagu daban, na dama daban, igiya ta haɗa su. Da na zauna gwada shi, hannun damana ya ruga da gudu yadda ya saba, na hagu yana ta lalube a baya, sai na lura na matsa gefe ɗaya na kujerar ba tare da na sani ba, na bar wuri. Rabin aikin kawai na iya, ɗaya rabin nasa ne.