Ranar da Na Saka 'Yata a Ruwa

Zuwana Guangzhou na biyu ke nan, ni da yayar mijina, wadda ke koya mini sarin kayan yara. Na taho da 'yata mai shekara uku, don ban iya barin ta wurin kowa. Ko barci take sai na kai yatsa hancinta in ji numfashi.

A kasuwar Canaan na haɗu da wata mata. Muna juya rigunan jarirai a shago ɗaya, ta yi mini sallama. Siririya ce da ƙaramin hijabi, na zaci Ba'indiya ce. Ta ce a'a, daga Maldives take. Ban taɓa jin sunan ba. Ta ciro waya, da hannu da ɗan Turancin da na tsinta, ta shiga nuna mini ƙasarsu.

Ƙananan tsibirai ne, wai kowa a can Musulmi ne. A nasu tsibirin babu tudu ko ɗaya. Daga ƙofar masallaci kana ganin teku, ka juya baya ka sake ganin sa. Kifi da kwakwa ne karin kumallo, babban asibiti ma a jirgin ruwa ake zuwa. Sai ga wani bidiyo: mata da hijabansu tsundum cikin ruwa, yara sa'annin tawa suna iyo a gefensu. Akwai kududdufi a bayan gidanmu a Kano, kuma na taɓa ganin yadda ake fito da yaro daga ciki.

Na tambaye ta ko ba ta jin tsoro. Ta ce tana ji, shi ya sa suke koya wa yara iyo da wuri. Wai otal ɗinta a titin Liuhua Lu yana da wurin iyo, in kawo yarinyar.

Da muka koma masauki a unguwar Xiaobei na faɗa wa Yaya.

"Ke sari kika zo ko wanka? Ke da ko kofin shayi ba kya bari ta riƙe!"

"Yaya, kududdufin nan ba cike shi za a yi ba. Ni kuma ba kullum idona ke kanta ba."

"To, uwar kifi. Bari ƙanina ya ji."

"Da bakina zai ji."

A gabanta na kira shi. Ya ce in wani abu ya same ta, ni na sani. Na ce na ji.

Washegari da hantsi muka je. Da doguwar riga da wando na shiga, ruwan ya kai mini ƙugu. Matar ta sa tafin hannu a ƙarƙashin cikin yarinyar, ta nuna mata yadda ake tsoma fuska a hura iska. 'Yata ta tsoma, ta ɗago tana tari, ruwa na zuba ta hanci, tana kallona ta ga ko zan ɗauke ta.

Duk jikina cewa yake in fizgo ta. Na haɗe hannuwana a baya.

"Sake," na ce mata.

Ta goge ido, ta sake.