An Rufe Yaya Sale Kafin a Gaya Mini

Shekara ashirin ke nan cif da rasuwar wana, Yaya Sale masaƙi, kuma har yau idan na tuna yinin nan sai in ji kamar jiya aka yi. Mutuwar kam na yarda da ita, kowa yana hanya. Abin da na gano game da kaina a ranar ne ya hana ni sakat.

Mu biyu mahaifinmu ya bari. Ni aka kai makarantar boko, na zama malami a ofishin hakimi a Karaye. Shi ya gaji saƙa. Masaƙan garinmu a rumfa ɗaya suke jeruwa, ana jefa ƙoshiyar saƙa ana hira, kowa na leƙen aikin ɗan'uwansa. Da matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, sai Yaya ya naɗe zarensa ya koma gefen ƙauyen Zoza, ya kafa masaƙarsa a gindin wata tsamiya kusa da rugar Fulani. Mutane suka ce baƙin ciki ne, wasu suka ce girman kai. Ni kuwa kunya ta ishe ni, don a fada ana yi mini ba'a wai wana ya zama Bafillace.

Na taɓa zuwa in lallashe shi ya dawo cikin mutane. Na ce, "Yaya, wannan saƙi naka ko a birnin Kano sai an tsaya kallo, amma wa zai gan shi a nan?" Bai ɗaga kai daga aikin ba ya ce, "Ni ina ganinsa, Audu. In ya yi kyau na sani, in ya ɓaci ma na sani." Na dawo ina huci, na ɗauka gatse ne.

Ranar da abin ya faru, Bature ya zo rangadi, kuma ni aka zaɓa in karanta jawabin maraba. Mako guda ina bitarsa, har matata ta haddace. Ina cikin gyara rawani sai ga Bello, makiyayi maƙwabcin Yaya, ya sauko daga doki jikinsa duk ƙura. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Audu, sai haƙuri. Malam Sale ya cika bayan sallar asuba."

Na yi salati. Amma wallahi kafin salatin ya gama fita daga bakina, lissafi ya shiga kaina. Na ce ya koma ya ce a jira ni zuwa la'asar, zan zo da na'ibin liman da mutanen fada, kada a ce an binne ɗan gidanmu kamar baƙo. Bello ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya hau dokinsa ya juya. Na shiga na karanta jawabina. Baturen yana ta korar ƙuda da hularsa, da na gama ya ce madalla, ko fuskata bai kalla ba.

Mun isa Zoza dab da magariba, mu goma sha biyu, kowa cikin babbar riga. Ba gawa, ba taro, sai kabari ɗanye a bayan tsamiyar, an jera masa ƙaya. Na daka wa Bello tsawa a gaban mutane, na ce ya wulaƙanta ni. A hankali ya ce, "Malam, tun kafin in taso wurinka mun rufe shi. Mu bakwai muka yi masa salla. Haka ya bar wasiyya, kada a jira kowa."

Na ce me ya hana ya gaya mini tun a Karaye. Ya ce, "Na jira ka tambaye ni yadda ya cika, ko ya sha wuya, ko ya bar magana. Ba ka tambaya ba."

Gaskiya ya faɗa, ban tambaya ba. Wana da ya goya ni ya tafi, ni ina ƙidayar rawunan da za su tsaya a sahu. Sannan Bello ya ƙarasa saƙon. Yaya ya ce idan na zo a janye kowa, a bar ni ni kaɗai a bakin kabarin ko na ɗan lokaci ne, domin tun ina yaro bai taɓa ganin na zauna ni kaɗai ba.

Aka janye, na durƙusa, hawaye ya zo da gaske. Ina tsakiyar kukan sai na tsinci kaina na juya baya, ina duba ko mutanen fada suna ganin yadda nake kukan ɗan'uwana. Ban taɓa jin tsoron kaina kamar a wannan lokacin ba.

Yau da ake ta maganar mulkin kai, samari na yawo da bajon jam'iyya a ƙirji, kowa na son a kira sunansa a taro a tafa masa, nakan ce da Yaya na nan me zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba. Zai gaishe su da kyau ya koma kan aikinsa, don shi bai taɓa raina kowa ba, bai dai jira kowa ya gaya masa ko shi wane ne ba.

Bai bar ɗa ba, masaƙar ta ruɓe, rigunan da ya saƙa sun tsufa a jikin masu su. Abin da ya bari shi ne wannan ɗan aiki da ya ɗora mini, wanda ya fi duk aikin ofis wuya. Kowace shekara ina zuwa kabarin ni kaɗai, kowace shekara kuma sai na leƙa hanya ko wani zai wuce ya shaida. Bana na zauna daga azahar har la'asar, na yi masa addu'a, ban juya ko sau ɗaya ba. Allah Ya jiƙanka, Yaya, ka kuma yafe mini, domin ina dawowa gida na ɗauki alƙalami na rubuto wa jarida don jama'a su sani.