Garin Katakon Kaka

Babana ya dawo daga soja da zarto biyu da sana'ar kafinta, kuma duk Zuru ba mai kiran sunansa sai Kofur, har da mahaifiyarsa, wato Kakata. A wani ɗakin ƙasa mai taga ɗaya yake aiki, yana ƙera bencina da ƙyamare da katakon maɗaci. In ka wuce ta ƙofar, sai ka ji ɗacin ƙurar har maƙogwaro.

Shi ya koya wa Kaka dabarar da ya gani a bariki: a danƙara garin katako cikin garwa, a bar rami a tsakiya, a kunna, wuta ta yi ta ci har a gama tuwo. Kaka dama gwiwoyinta sun gaji da hawan dutse neman itace, sai abin ya shiga ranta. Ta sa aka toshe tagar da tabarma don kada iska ta kwashe mata gari. Ta hana a yayyafa ruwa kafin shara, wai jiƙaƙƙe ba ya kamawa. Matan unguwa kan zo roƙo, ita kuwa tana auna musu da ƙoƙo tana hura hanci kamar ita ta shuka maɗacin. A bakin wannan garwar muke zama bayan cin tuwo ta yi mana tatsuniya, rabi da Hausa rabi da yarenmu, ina ɗiyar shekara tara.

A damina ta uku da dawowarsa Baba ya fara tari. Da fari mun ɗauka mura ce. Sai ya zama in ya ja zarto sau goma sai ya dafa bango. Ya rame, kuma in ya tofar da majina sai ka gan ta ja-ja, launin katako. Tsoro ya kama ni.

Wani maraice yana kwance a tabarma kusa da mu, Kaka ta ce, "Ga wata nan tahe, ku tare ta." Muka ce ta iso. Muryarta ba ta yi daɗi ba ranar.

Wai wani masassaƙi ne ya je saran maɗaci. Itacen ya ce masa, ka ɗauki jikina ka yi turmi, ka yi kujera, amma garina na iska ne da ƙasa, ka bar musu. Ya amsa. Da ya koma gida, wata tsohuwa ta ga garin, ta ce wannan ai dukiya ce, ta rufe masa ƙofa, ta toshe kowace kafa. Garin ya nemi iska ya rasa, ya nemi ƙasa an share shi, sai ya bi hancin masassaƙin ya sauka a ƙirjinsa. Can ya tsira, ya yi saiwa, ya fara fid da rassa.

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Kaka, tsohuwar mece ce tasa?"

Ta kalli wutar. "Uwa tai ce," ta ce. "Ita ta haihe shi."

Sai ga muryar Baba daga tabarma, a shaƙe: "Inna, bar tsohuwar ga ta huta. Masassaƙin ai shina da hannu. Da ya so, da ya buɗe."

Kaka ba ta ƙarasa tatsuniyar ba. Da safe ta fizge tabarmar daga taga, ta kwarara ruwan tulu guda a ɗakin, ta kwashe garin ta zubar bayan gida. Sannan ta ɗauki gatari ta nufi dutse. An kai Baba asibiti, suka ce ƙirjinsa ne, ya bar aikin. Ya bari, ya koma yana ɗaura ƙyalle a hanci yana koya wa wasu a fili ƙarƙashin inuwa, amma tarin bai sake shi ba. Ya yi shekara huɗu a haka, Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban sani ba ko ƙurar ce kaɗai ta kashe shi. Abin da na sani, ranar nan na ji laifin Kaka daga bakinta, na riƙe shi gam, alhali wanda abin ya ci ya yafe tun kafin wuta ta mutu. Sai da na haifi nawa, na ga irin ɓarnar da uwa kan yi da kyakkyawar niyya, sannan na gane gafara Kaka take nema a gabanmu daren nan, ta hanyar da ta iya. Baba ya ba ta. Ni na hana.

Shekara shida ta yi bayan mutuwarsa tana hawan dutsen nan da waɗannan gwiwoyin. Sau da yawa nakan hango ta daga ƙofar gida tana saukowa, tana tsayawa tana haki. Ko sau ɗaya ban je na karɓar mata ɗaurin itacen ba.